Jinkirin Biyan Diyyar Ma'aikatan Gwamnati da Suka Ji Rauni a Bakin Aiki: Daga Ina Matsalar Take?

Tsohon Magatakarda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman izinin masu kula da wannan zaure in kawo wata magana da ta daɗe tana damuna. Tun watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, kuma ta ɗora wa NSITF, wato hukumar asusun inshorar ma'aikata ta ƙasa, nauyin biyan duk ma'aikacin da ya ji rauni, ko ya kamu da cuta, ko ya rasu saboda aikinsa. Dokar ta ambaci ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jihohi da na ƙananan hukumomi ƙarara. Duk da haka, da wuya ka haɗu da ma'aikacin gwamnati da zai ce maka ya ji rauni a bakin aiki kuma an biya shi a kan lokaci. A unguwarmu akwai wani direban wata ma'aikatar jiha da ya yi hatsari da motar ofis a kan hanyar Zariya zuwa Kano, yana ɗauke da jami'ai za su taro. An yanke masa ƙafa ɗaya, yau fiye da shekara biyu ke nan, kuma abin da kawai ya samu shi ne ambulan ɗin kuɗi da abokan aikinsa suka haɗa masa. Duk lokacin da ɗansa ya je sakatariya, amsar ba ta canzawa: fayil yana sama. Ina so masana doka da ma'aikatan kuɗi da 'yan ƙwadago da ke cikinmu su yi mana bayani, a wane mataki ne haƙƙin irin wannan bawan Allah yake maƙalewa?

Barista:
Wa'alaikumus salam Baba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Kafin a nemi mai laifi yana da kyau a san yadda tsarin yake a rubuce. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko kamfani, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya kowane wata a cikin asusun diyya, kuma doka ta hana a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan. Idan hatsari ya auku, ma'aikacin, ko iyalansa idan rasuwa ya yi, suna da kwana 14 su sanar da wurin aiki, shi kuma wurin aikin yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Neman diyyar kanta dole a shigar da shi cikin shekara 1, sai dai idan akwai uzuri na musamman hukumar tana da ikon karɓa har zuwa shekara 3. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai iya komawa aiki ba, za a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata, ban da kuɗin magani da na tiyata da ƙafa ko hannun roba. Har hatsarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki dokar ta ƙidaya shi. Sojoji ne kawai aka cire, su ma ban da fararen hula da ke aiki tare da su.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata ɗan wannan direba ya yi ba ita ce ina fayil ya kai ba. Ya tambaya shin ma'aikatar tana da rajista da NSITF, shin tana zuba kasonta, kuma shin ta kai rahoton hatsarin. A ƙararrakin da suka bi ta hannuna, sau da yawa fayil ɗin da ake cewa yana sama ba na neman diyya ba ne sam, takardar roƙon tallafin kuɗin asibiti ce da ke jiran amincewar babban sakatare. Mutum yana zaune yana jira, wa'adin shekara ɗaya yana ƙarewa, alhali ba a taɓa buɗe masa komai a wurin da doka ta ce a buɗe ba.

Akantan Ƙaramar Hukuma:
Barista ya taɓo wurin da ke ciwo, kuma zan faɗi abin da na gani da idona a sashen kuɗi. Albashi dole ne, domin idan wata ya ƙare ba a biya ba kowa zai ji. Kason fansho ma akwai masu bibiya. Amma wannan kashi ɗayan ba shi da mai tambaya, domin ma'aikacin da lafiyarsa lau bai ma san da shi ba, wanda ya ji rauni kuwa yana kwance ba ya iya tambaya. A wuraren da na yi aiki, ko dai ba a sa shi cikin kasafin kuɗi ba kwata-kwata, ko an sa shi amma ba a saki kuɗin ba har shekara ta juya. A matakin ƙaramar hukuma kuma akwai ƙarin ruɗani, domin shekaru da dama kuɗinmu yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, shugaban ƙaramar hukuma ya ce jiha ce za ta cire ta aika, jiha kuma ta ce ai ma'aikatanku ne. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya kamata ya kawar da wannan uzuri, amma ban ga alamar an fara tunanin diyyar ma'aikata ba tukuna. Idan aka lissafa, ƙaramar hukumar da ke biyan albashin naira miliyan 100 a wata, naira miliyan 1 ce kawai kasonta. Ba kuɗi ne da zai gagare ta ba, rashin ɗaukar abin da muhimmanci ne.

Kwamared:
Ina girmama bayanin Barista da na Malam Akanta, amma ba zan yarda a sauke dukan laifin a kan ma'aikatu a wanke hukumar NSITF ba. Su gwamnonin da ke ƙin zuba kuɗi suna da abin da suke kafa hujja da shi, kuma hukumar ce ta miƙa musu shi. A watan Yuli na 2020 an dakatar da shugabannin hukumar bisa zargin kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, lokacin Chris Ngige yana ministan ƙwadago. A watan Agusta na 2022, lokacin da kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya nemi takardun kashe fiye da naira biliyan 17, bayanin da aka ba shi shi ne gara ta cinye wasu daga cikin takardun. Sannan a watan Agusta na 2025 ƙungiyarmu ta ƙwadago NLC ta zargi gwamnatin tarayya da kwashe kashi 40 cikin 100 na kuɗin asusun tana ɗaukarsu kamar kuɗin shiga, har ta ba da wa'adin kwana 7 a mayar. Wannan kuɗi na guragu da marayu ne, ba haraji ba ne. Idan wanda ya kafa doka shi ne ke tsoma hannu cikin asusun, da wane baki zai tsawata wa jiha?

Tsohon Magatakarda:
Kwamared, duk abin da ka ambata an ji shi a kafafen labarai, kuma abin takaici ne. Sai dai ina ganin akwai haɗari idan muka mayar da shi uzuri ga ma'aikatu. Gwamnan da ya ce ba ya yarda da asusun, me ya kafa a madadinsa? Da a ce ya ware kuɗin ya ajiye, yana biyan waɗanda suka ji rauni da kansa cikin wata uku, da sai mu ce hujjarsa tana da nauyi. Amma bai zuba can ba, bai biya nan ba, wanda aka yanke wa ƙafa ne ya ɗauki asarar duka biyun. Kuma ina da tambaya gare ku 'yan ƙwadago, cikin girmamawa. Na halarci zaman sulhu da yawa lokacin ina aiki, na ga ana ja-in-ja kan mafi ƙarancin albashi da ariyas da ƙarin girma, amma ban taɓa ganin an sa rajistar ma'aikata a asusun diyya cikin sharuɗɗan janye yajin aiki ba.

Kwamared:
Baba, tambayarka ta dace. Dalilin shi ne albashi yana shafar kowa a lokaci guda, hatsari kuwa ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar mutane, don haka da wuya ka tara ma'aikata su rufe sakatariya saboda direba guda. Amma na yarda cewa wurin da ya fi dacewa a sa wannan buƙata shi ne teburin sulhu, domin a nan ne kawai gwamnati ke sa hannu a kan takarda mai kwanan wata.

Malamar Jinya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina so a tuna cewa ba hatsarin mota ne kaɗai raunin aiki ba. Mu a asibiti allura ce ke soke mu bayan an yi wa mai ciwon hanta ko mai cuta mai karya garkuwar jiki amfani da ita, tarin fuka muke shaƙa a ɗakin marasa lafiya, kuma bayanmu yana lalacewa saboda ɗaga majinyata. A watan Janairu na 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci a Kano bayan sun yi wa wata mai juna biyu tiyata. A watan Fabrairu na 2013 an harbe mata tara masu allurar rigakafin shan inna a Kano suna bakin aiki. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin aikinmu naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka sake duba shi, kuma da yawa daga shugabanninmu suna ɗaukar cewa wannan alawus ɗin shi ne diyyar, tunda kina karɓa to kin yafe. Ina da tambaya biyu ga Barista. Wanda ya kwana ashirin a sume, yaya zai cika sharaɗin kwana 14? Sannan masu shara da masu wankin kayan tiyata da aka ɗauka na wucin gadi, waɗanda su ne suka fi kowa taɓa sharar asibiti, suna da wani haƙƙi?

Barista:
Hajiya, alawus ɗin haɗari daban, diyya daban, karɓar ɗaya ba ya zubar da ɗayan. Game da kwana 14, dokar ta bar ƙofa: idan hukumar ta gamsu cewa wurin aikin ya riga ya san da aukuwar abin, ko kuma jinkirin bai cutar da shi ba kuma adalci yana buƙatar a saurari mai neman, ba za a kore shi saboda wannan ba. Ma'aikatar da motarta ce ta kife, ko asibitin da a cikinsa ne aka kwantar da ma'aikaciyarsa, ba zai ce bai sani ba. Game da na wucin gadi kuwa, fassarar da dokar ta yi wa ma'aikaci ta haɗa da na dindindin da na wucin gadi da na rabin lokaci da mai koyon sana'a, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Wahalarsu ita ce hujja, domin yawanci ba su da takardar ɗauka aiki. Shawarata ita ce su riƙa adana duk abin da ke nuna suna aiki a wurin: jadawalin aiki mai sunansu, saƙon banki na biyan kuɗi, da katin shaida. Ku kuma ma'aikatan lafiya, duk ranar da allura ta soki mutum a rubuta a littafin rahoto a ranar, a yi gwaji a ranar, domin cutar da za ta bayyana bayan wata shida ba za a iya danganta ta da aiki ba sai da wannan rubutun.

Maman Walida:
Ni abin da ya same mu ya shafi rasuwa ne. Mijin yayata ma'aikacin kashe gobara ne, gini ya rufto masa yana aiki, ya bar mata biyu da 'ya'ya. An zo gaisuwa da buhunan shinkafa da ambulan, an ce gwamnati ba za ta manta da su ba. Da aka yi arba'in aka fara bin haƙƙi, sai aka ce a kawo takardar wakilcin gado daga kotu, da takardar shaidar mutuwa, da takardar ɗauka aiki ta farko, da ta ƙarin girma ta ƙarshe. Matan suna cikin takaba, ba su fita, ƙanensa ne ke yawon, shi kuma ɗan kasuwa ne bai san ofis ba. Har yanzu ba mu gane ba ko kuɗin da ake magana a kai na inshorar rai ne, ko giratuti, ko diyyar da kuke bayani. Kowane ofis da sunan da yake kiran abin.

Barista:
Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Hajiya, haƙƙoƙi uku ne mabambanta, kuma samun ɗaya ba ya hana sauran. Na farko kuɗin fanshonsa ko giratuti. Na biyu inshorar rai ta rukuni, wadda Dokar Fansho ta 2014 ta ce kada ta gaza ninki uku na jimillar albashin shekara, amma a matakin jiha sai an duba abin da dokar fanshon jihar ta tanada. Na uku diyyar mutuwa a bakin aiki, wadda ake biyan waɗanda suka dogara da mamacin wata-wata: matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye kashi 90 cikin 100 na albashinsa, mai ɗa ɗaya kashi 85. Na ukun ne mai wa'adin shekara ɗaya, don haka shi ya kamata a fara shigarwa, kada a tsaya jiran kammaluwar sauran.

Malam Na Tsangaya:
Ina so in yi magana a kan abin da ke hana mutanenmu neman haƙƙinsu tun farko. Sau da yawa idan iyalai suka tashi bibiya sai a ce musu ƙaddara ce, a yi haƙuri, kada a zama kamar ana cin kuɗin jini. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa soke haƙƙi ba, shari'ar da ta umarce mu da haƙuri ita ce ta wajabta diyya ko da a kisan kuskure. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan abin da ke kansa zalunci ne. Jami'in da fayil ɗin gurgu ko na marayu ya kwana a teburinsa wata da watanni ba tare da uzuri ba, ya sani yana da kaso a cikin wannan zalunci, ko da bai ci ko sisi ba. Kuma waliyyin marayu ba shi da ikon yafe haƙƙinsu don kunya.

Akantan Ƙaramar Hukuma:
Allah ya saka da alheri Malam. Akwai wani ɓangare na zaluncin jinkiri da ba a cika lissafawa ba, wato faɗuwar darajar kuɗi. Wanda ya ji rauni a farkon 2023, lokacin dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati kuma mafi ƙarancin albashi naira 30,000, idan sai yanzu za a biya shi bisa albashinsa na wancan lokacin, an biya shi a takarda ne kawai. An cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Ƙarfen da ake sa wa a ƙashi da ƙafar roba da yawancin magunguna daga waje ake shigo da su. Shi ya sa ni na fi ganin hikimar tsohuwar dokar, wadda ke biyan kuɗi a dunƙule, albashin wata 54 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya, wata 42 ga iyalan wanda ya rasu. Mutum ya karɓa ya buɗe shago ko ya sayi gona, ya huta da sintiri.

Kwamared:
Malam Akanta, a nan ba na tare da kai. A ƙarƙashin tsohuwar dokar mai ɗaukar aiki ne ke biya daga aljihunsa ko ta kamfanin inshora, kuma sau da yawa sai an kai ga kotu an tabbatar da alhaki, shi ya sa leburori da dama suka mutu ba su ga komai ba. Ban da haka, albashin wata 54 shekara huɗu da rabi ne kacal. Matashi ɗan shekara 30 da ya rasa hannu biyu, me zai ci bayan sun ƙare? Mun kuma ga yadda kuɗin dunƙule ke narkewa a hannun dangi kafin shekara ta zagayo. Gyaran da ake buƙata shi ne a ɗaure hukumar da ma'aikatu da wa'adin biya, duk wanda ya wuce shi ya biya da ƙari, kuma a riƙa sabunta kuɗin wata-wata duk lokacin da aka sabunta albashi.

Maman Walida:
To idan an bi duk waɗannan matakai aka yi shiru, kotu ce mafita? Mu dai ana ta tsorata mu cewa ba a shari'a da gwamnati.

Barista:
Ana yi Hajiya, kuma ana cin nasara, amma gara in faɗa miki wahalar da ke ciki. Idan hukumar ce ta yanke hukuncin da bai gamsar ba, ana ɗaukaka ƙara gare ta a rubuce cikin kwana 180, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe wa shari'un ƙwadago, kuma tana zama a Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos da wasu biranen. Matsalar tana zuwa bayan an ci shari'a, domin sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce sai da amincewar antoni-janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, wato sai ka nemi izinin lauyan wanda ka kayar. Shi ya sa nake ba da shawarar a fara da matakan da ba su da tsada. A rubuta wa babban sakataren ma'aikatar wasiƙa ana tambayar lambar rajistarsu da ranar da suka kai rahoto, a kai kwafi ofishin NSITF mafi kusa, a kai wani Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda ke da ofis a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi. Idan ma'aikatar ta ƙi kai rahoto, kada iyalan su zauna jiranta, su je ofishin hukumar da kansu da rahoton likita da na 'yan sanda da takardar albashi, su shigar da buƙatarsu a rubuce. Kowace takarda aka miƙa, a tabbata an buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a koma da shi gida, domin wannan kwafin ne zai nuna an nema cikin wa'adi idan daga baya aka ce fayil ya ɓace.

Malamar Jinya:
Kwamared, reshen ƙungiyarmu zai yi taro a ƙarshen wannan wata, kuma zan gabatar da buƙatar a rubuta wa hukumar gudanarwar asibitocinmu a tambaye ta ko tana zuba wannan kaso, da kuma sunayen ma'aikatan da aka kai rahoton rauninsu cikin shekara uku da suka wuce. Barista, idan za ka taimaka ka sanya mana samfurin wasiƙar a nan cikin zaure da Hausa da Turanci, zan buga in raba wa sauran rassa, har da na masu shara da masu gadi.